BUKUKUWAN SALLAH DA NA ƘASA A MAGAMA: SHIN KWALLIYA TANA BIYAN KUƊIN SABULU?

 A wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda takan taso a rumfunan kasuwa da ofisoshi duk sa'ad da Sallah ta ƙarato ko ranar 'yancin kai ta zagayo, watau ko dukiyar da ake kashewa a bukukuwan addini da na ƙasa tana da amfanin da ya kai yawanta. Mun zaɓi mu auna wannan magana a Magama, ƙofar iyakar Najeriya da Nijar ta Ƙaramar Hukumar Jibiya a Jihar Katsina, domin a can ana ganin bukukuwan ƙasashe biyu da kuɗin ƙasashe biyu, ga kuma wahalar da ta shafi ɓangarorin biyu tare.

Wanda bai san wurin ba, Magama tana kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta ratsa Ɗan Isa ta shiga Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, domin sarakunan Katsina da suka bar birnin bayan jihadi su ne suka kafa sarautar Maraɗi, har yau kuwa ana kiran mai sarautar Sarkin Katsinan Maraɗi. Mazaunin Magama yana ganin ranar 1 ga Oktoba da ranar 12 ga Yuni a ɓangarensa, in ya ɗaga kai ya hango 3 ga Agusta da 18 ga Disamba a ƙetare. Wani lokaci ma har Sallar takan rabu, kamar yadda ya faru a Ƙaramar Sallar 2024, sa'ad da Nijar ta yi Idi ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya kuwa sai ranar Laraba.

HALIN DA GARI YA SHIGA

Ba a auna tsadar biki sai an san nauyin aljihun mai yinsa. A watan Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Da aka buɗe wasu a watan Disamba 2020, irin su Illela da Maigatari, ba a haɗa da Jibiya ba, sai a watan Afrilu 2022 aka buɗe ta. A tsakanin nan, a ƙarshen Agusta 2021, Gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta kuma hana cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Jibiya, saboda ta'adin 'yan bindiga. Ba a gama farfaɗowa ba sai sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake datse ƙofa har zuwa watan Maris 2024. In mai karatu ya yi lissafi zai ga cewa daga Agusta 2019 zuwa Maris 2024, fiye da shekara uku ƙofar Magama ta yi a rufe.

Daɗin daɗawa, an janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa. Dalar Amurka da ake saye a kan wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce naira 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi, jikar sefa tashi take yi a hannun 'yan canji. Wannan shi ne dalilin da ya sa ragon da aka yi kiwonsa a ƙasar Maraɗi ko Dakwaro ya yi wa mai naira tsada, ko da makiyayin bai ƙara ko dala ɗaya a kan kuɗinsa ba. Sa'an nan a watan Oktoba 2024 hukumomin Nijar suka hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, ban da Mali da Burkina Faso, a watan Mayu 2025 kuma suka hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah, don kada layya ta gagari mutanensu. Direba da dillali da ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha duk sun ji a jikinsu.

ABIN DA ADDINI YA SHIMFIƊA

Sai mu fara da kawar da wani zato, na masu cewa duk wani biki ɓarna ne. Musulunci bai zo da baƙin rai ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iske mutanen Madina suna da ranaku biyu na wasa, sai aka musanya musu su da Idin Ƙaramar Sallah da na Babbar Sallah. Ya kuma tabbata cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, Nana A'isha tana kallo, ba a hana su ba. An haramta azumi ranar Idi, an so a yi wanka, a sa tufa mai kyau, a yalwata wa iyali. Saboda haka magidancin da ya ɗinka wa 'ya'yansa kayan Sallah daga halaliyarsa, ya sa aka tuƙa tuwo aka kai wa maƙwabta, yana cikin ibada, kuma babu mai ce masa ya yi asara.

Amma Shari'ar da ta yi umurni da farin ciki ita ce ta yi masa iyaka. A cikin Suratul Isra'i an yi gargaɗi mai tsanani a kan almubazzaranci, a cikin Suratul Furƙani kuma an yabi bayin Allah masu tsayawa tsaka-tsaki wajen ciyarwa. Malamai sun bambance abu biyu. Akwai israfi, watau wuce gona da iri a cikin abin da asalinsa halal ne, akwai kuma tabziri, watau zuba dukiya a inda ba ta dace ba ko kaɗan. Turmin shadda na biyar ga wanda huɗu sun ishe shi israfi ne. Liƙa wa maroƙa kuɗin da iyali ke jira don cefane kuwa tabziri ne.

In muka duba tsarin Sallolin nan biyu za mu ga cewa kowace an ɗaura mata haƙƙin matalauci a wuya. Ƙaramar Sallah tana tafe da zakkar fidda kai, sa'i ɗaya, watau mudun Annabi huɗu, daga abincin da mutanen gari suka fi ci, a kan kowane mutum da magidanci ke ciyarwa, kuma an so a fitar da ita kafin a tafi Idi domin kada wani ya wuni yana bara a ranar. Babbar Sallah tana tafe da layya, wadda ake ci, a yi kyauta, a yi sadaka da namanta, ba a sayar da naman ko fatar. Bikin da aka yi shi a kan wannan tsari ba ya ƙarewa a cikin gida ɗaya. Wanda ya taɓa ganin Babbar Sallah a Maraɗi, inda ake banƙare raguna a kan itatuwa a kewaye wuta, kashegari yara su bazu cikin unguwa da kwanonin nama, ya ga yadda dukiyar mai hali take isa gidan mara hali ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

RAGON BASHI

Yanzu bari mu juya ga ɗan'uwanmu ma'aikaci. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 ta ƙayyade mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata. Mu ɗauka, ga misali, an yi wa ƙaramin ma'aikaci cinikin rago a kara a kan naira 210,000. Albashinsa ke nan na wata uku cur, bai ci ba, bai biya haya ba, bai sayi magani ba. In ya karɓo kuɗin a wurin masu ba da bashi da ruwa, ko ya karɓi ragon a kan za a riƙa cirewa daga albashinsa, to, naman zai ƙare cikin mako biyu, bashin kuwa zai raka shi har lokacin biyan kuɗin makarantar yara. In kuma da ruwa a cikin bashin, ya shiga haram tabbatacce don neman abin da ba a wajabta masa ba.

A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ake bi a Katsina da Maraɗi, layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da iko, kuma malamai sun bayyana mai iko da cewa shi ne wanda kuɗin dabbar ba zai taɓa bukatunsa na dole a cikin shekararsa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar sukan bar yin layya wani lokaci don gudun kada mutane su ɗauka farilla ce. Har wa yau, rago shi ne mafifici a mazhabarmu, amma tunkiya ko akuya da ta kai shekarun da aka shar'anta, lafiyayya mara aibu, ta wadatar. Kuma magidanci yana iya shigar da iyalinsa da ke ƙarƙashin ciyarwarsa cikin ladan dabba guda. Abin da ke tura mutane ga bashi, in za mu faɗi gaskiya, tsoron bakin maƙwabta ne da gorin dangin mata, ba tsoron Allah ba. Kowa ya daka ta rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Akwai darasi a abin da ya faru a Maroko, ƙasar da ita ma Malikiyya ce. A watan Fabrairu 2025 Sarki Muhammadu na Shida ya yi kira ga jama'arsa da su haƙura da yanka a wannan shekara, saboda fari na shekaru a jere ya rage dabbobin ƙasar da kashi 38 cikin ɗari in an kwatanta da 2016. Mahaifinsa Sarki Hasan na Biyu ya yi irin wannan kira a 1963 da 1981 da 1996. Ba muna cewa a kwaikwayi wannan a nan ba, domin kowace ƙasa da halinta. Abin lura shi ne, sun fahimci cewa sunna ba ta zo don ta karya talaka ba.

GA ALHAZAN KASUWA

Ɗan kasuwa zai ce mana, kuma yana da gaskiya, cewa Sallah ita ce kakarsa. Matar ƙauye da ta ɗaure ɗan rago a turke wata shida tana ba shi dusa da harawa, da kuɗinsa take yi wa 'yarta kayan ɗaki. Tela da mai ɗinkin hula da ɗan koli da mahauci da mai motar haya, da yawansu abin da suka samu a makonni uku na kafin Sallah shi ke riƙe su wata da watanni. Kasuwar Jibiya ta ranar Lahadi shaida ce. Kuɗin da mai hali ya fitar a wannan lokaci yana zagayawa cikin hannuwa masu yawa, kuma da kowa zai ƙulle aljihunsa da sunan tsimi, da talaka ne zai fara jin yunwa. Saboda haka ba mu ce wa mawadaci ya ƙi saye ba. Muna ce masa ya duba inda kuɗinsa ke sauka, ya biya tela ladansa a kan lokaci, ya sallami yaran shagonsa kafin ya sayi rago na uku.

Sai dai akwai nauyi a kan mai sayarwa kamar yadda yake a kan mai saye. Ɓoye hatsi ko sukari ko man girki har sai azumi ya kama don farashi ya tashi, Shari'a ta hana. Ɗura wa dabba ruwa da gishiri don ta kumbura a idon mai saye algus ne. Dillalin da ya san rago yana da aibun da ke hana layya ya yi shiru, ya ci amanar ɗan'uwansa a cikin ibadarsa. Haka nan, a yankin da satar shanu ta yi yawa, wajibi ne mai saye ya binciki asalin dabbar da aka kawo masa da araha mai ban mamaki, domin Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Alhaji, kafin ka ɗaure manyan raguna a ƙofar gida don masu wucewa su gani, tuna cewa a cikin garin Jibiya da ƙauyukan Maraɗi akwai dubban mutanen da 'yan bindiga suka raba da gidajensu a shekarun nan, waɗansunsu marayu ne da zawarawa.

DUKIYAR BAITULMALI

Bikin ƙasa hukuncinsa daban ne, domin kuɗin ba na mai kashe shi ba ne. Magidanci in ya yi israfi, kansa da iyalinsa ya cuta. Hukuma in ta yi, ta taɓa haƙƙin marayan da bai san an yi ba. A shekarar yunwa da ake kira Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai jama'a sun samu. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo kuma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ɗora wa talakawa harajin da Shari'a ba ta san shi ba, da nutsewa cikin jin daɗin ci da sutura, a cikin alamomin mulkin zalunci. Wannan shi ne ma'aunin da magabatanmu suka bar mana.

Ba mu musun cewa ƙasa tana bukatar ranar da za ta tuna tarihinta. Yaron makaranta da ya yi maci ranar 1 ga Oktoba ya ji labarin 1960, ya san cewa shi da ɗan Kalaba ƙasarsu ɗaya. Abin tambaya shi ne me ya rage bayan an naɗe tabarmi. A farkon 1977, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, Najeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna, aka gina Otal ɗin Durbar don saukar baƙi. Daga baya ginin ya faɗa cikin rigimar mallaka, ya zama kango shekara da shekaru, aka rushe shi a watan Janairu 2020. A 2010 an ware biliyoyin naira don bikin cika shekara 50, abin da mutane suka fi tunawa da shi kuwa shi ne bama-baman da suka tashi kusa da Dandalin Eagle a Abuja suka kashe aƙalla mutum 12. A 2015 gwamnati ta taƙaita bikin ƙwarai, a 2025 ma aka soke faretin cika shekara 65, kuma ba mu ji an ce 'yancin ƙasa ya ragu ba.

Maƙwabtanmu sun gwada wasu hanyoyi biyu da suka cancanci a duba. Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, aka haɗa ranar 'yancin kai ta 3 ga Agusta da dashen itatuwa, ta yadda kowace shekara bikin yana barin wani abu mai rai a ƙasar da hamada ke ci. Hanya ta biyu ita ce zagayawa da bikin 18 ga Disamba daga jiha zuwa jiha, ana yi wa birnin da ya karɓi baƙunci ayyuka. An fara a Damagaram a 2006 zamanin Tanja Mamadu, aka farfaɗo da shi zamanin Mahamadu Isufu, Doso ta karɓa a 2014, Maraɗi kuma a 2015 da sunan Maraɗi Kwalliya. An shimfiɗa tituna, an gina dandalin fareti da masaukan baƙi. Fataken Katsina da ke shiga Maraɗi sun ga titunan da idonsu, kuma wannan riba ce da ba a musu. Duk da haka an yi ta ƙorafi a jihohin da bikin ya zagaya cewa aikin gaggawa yakan bar gine-ginen da ba a kammala ba. Abin da muka fahimta a nan shi ne, titi da rijiya da bishiya suna biyan kuɗin sabulu, rumfar manyan baƙi da ake amfani da ita yini ɗaya a shekara kuwa da wuya ta biya.

Hawan Sallah yana tsakanin biyun, rabinsa al'ada rabinsa mulki. Yana da daraja, har hukumar UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin al'adun duniya da ake adanawa a watan Disamba 2024, kuma masu kiwon dawaki da baduku da maɗinka kayan doki suna ci daga gare shi. Amma a Ƙaramar Sallar 2019 Masarautar Katsina ta dakatar da hawa saboda kashe-kashen da ake yi wa talakawanta a ƙauyuka, aka tsaya ga salla da addu'a. Wannan mataki ya nuna cewa shugaba yana iya ajiye algaita in gidan maƙwabci ana zaman makoki, kuma martabarsa ba ta ragu ba.

INA MAFITA?

Amsar tambayarmu ke nan, jama'a. Kuɗin biki yana da amfani in ya fito daga halal ba tare da bashi mai ruwa ba, in bai danne wani wajibi ba, kuma in wani abu daga cikinsa ya isa ga wanda ba shi da shi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, to, an yi kwalliya ne kawai. Ma'aikaci ya fara tanadin Sallah tun watanni kafin ta zo, ko ta hanyar adashi mai tsabta, ko ya sayi ɗan rago da wuri ya ɗaure a gida, in kuwa abin bai samu ba ya je Idi da tsohuwar rigarsa wankakkiya, kansa a ɗage, domin bai saɓa wa Allah ba. Uwargida ta taimaki maigida da haƙuri, dangi su daina gori. Limamai su yi wa mutane bayanin hukuncin layya tun shigowar Zulƙida, kafin a ci bashin.

Ga ma'aikatan da ke rubuta kasafin bukukuwa a ƙananan hukumomi da ma'aikatu, alƙalamin da ke hannunku amana ce. Garin da ƙofar arzikinsa ta yi fiye da shekara uku a rufe ya fi bukatar magani a asibiti da tsaro a hanyar gona da ruwan sha, a kan buhunan shinkafar barka da Sallah da ake kai wa gidajen waɗanda rumbunsu a cike yake. In za a yi rabon, a fara da 'yan gudun hijira da marayu, a kuma bayyana wa jama'a nawa aka kashe da inda aka kashe shi. Haka nan jami'in da ke tsaye a shingen kan iyaka ya sani cewa abin da ake karɓa daga hannun direba a tilas, ko an sa masa suna goron Sallah, cin hanci ne, kuma a ƙarshe talakan da zai sayi kayan shi ke biya.

Muna roƙon Allah Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu, Ya buɗe wa 'yan kasuwa da ma'aikata ƙofofin halal, Ya maimaita mana Sallah cikin wadata da kwanciyar hankali, amin.